Kamannin Wata: Yadda Ake Ganinsa a Rano da Kibiya da Sauran Sassan Duniya

Kamannin wata su ne sauye-sauyen da ido ke gani a fuskarsa tun daga daren da ya tsaya yana jinjiri, ya riƙa ƙaruwa har ya cika, sannan ya koma raguwa har ya ɓuya. Zagayen yana ɗaukar kwana 29 da awa 12 da minti 44 a matsakaici, shi ya sa watan Musulunci ba ya gaza kwana 29, ba ya kuma wuce 30. A kowane lokaci aka ɗauka, gwargwadon hasken da ke fuskar wata ɗaya ne ga duk mutanen duniya. Idan rabi ne a Rano, rabi ne a Makka da Landan da Ostireliya. Abin da ke bambanta shi ne yadda yake kwance ko tsaye a sama, da gefen da hasken yake, da tsayin da yake kaiwa, da kuma daren da ido zai fara iya kama shi. Wannan na ƙarshen shi ya fi shafar rayuwar Musulmi, domin a kansa azumi da salla suke.

Asalin sauyin

Wata ba shi da hasken kansa, na rana yake mayarwa. Kullum rabinsa da ke fuskantar rana a haskake yake, ɗaya rabin cikin duhu. Yana kewaya duniya a nisan kilomita 384,400 a matsakaici, kuma kowace rana yana gusawa gabas da kimanin digiri 12 daga inda rana take, don haka kowane dare wani yanki daban na rabin nan mai haske muke hangowa. Idan ya zo saitin da ke tsakaninmu da rana, gefen da ke kallonmu duhu ne ƙirin. Wannan lokaci masana falaki ke kira haihuwar wata, kuma daƙiƙa ɗaya ce ga duniya baki ɗaya, ko ta faɗo wa wani gari da tsakar dare ko da tsakar rana. Mutane da dama suna zaton inuwar duniya ce ke rufe sashen watan da ba a gani. Ba haka ba ne. Inuwar duniya ba ta taɓa wata sai a daren husufi.

Gusawar nan ce ke sa fitowarsa ke yin jinkiri da kimanin minti 50 kowace rana. Jinjirin daren farko yakan faɗi kafin a kira Isha'i. Ɗan kwana bakwai yana tsakiyar sama da magariba, ya faɗi wajen tsakar dare. Na sha huɗu yana fitowa daga gabas daidai lokacin da rana ke faɗuwa, ya kwana a sama har asuba, kodayake cikarsa ta ainihi takan faɗo tsakanin daren sha uku da na sha biyar, kwanakin nan uku da ake son yin azumin nafila a cikinsu. Na ashirin da biyu sai dare ya raba yake leƙowa. Na ashirin da bakwai kuwa masu fita sallar Asuba ne ke ganinsa siriri a gabas, kafin ya ɓuya kwana biyu ko makamancin haka. Rayuwar ƙauye ta daɗe tana bin wannan tsari ba tare da agogo ba. Dandali yana cika ne a kwanakin farin wata, tashe ma da ake farawa a goma ga azumi ya dace da dararen da yara za su iya zaga unguwa ba fitila.

Fuska ɗaya wata ke nuna wa duniya har abada, saboda tsawon lokacin da yake juyawa a kan kansa daidai yake da na kewayarsa, wato kwana 27 da 'yan awowi. Ɗan rangajin da yake yi a tafiyarsa yana ba mu damar leƙen kimanin kashi 59 cikin 100 na jikinsa a tsawon lokaci. Sauran ba wanda ya taɓa gani sai a watan Oktoba na 1959, da kumbon Tarayyar Sobiyet mai suna Luna 3 ya ɗauko hotonsa.

Sararin Rano da Kibiya

Rano, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, da maƙwabciyarta Kibiya suna kudu da birnin Kano, kusan digiri 11 da rabi arewa da Ikwaita, wato layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu. Tazarar da ke tsakanin garuruwan biyu ba ta isa ta sauya komai a sama ba. Bambancin faɗuwar rana a tsakaninsu bai kai minti ɗaya ba, saboda haka abin da mai duba ya gani daga Rurum a ƙasar Rano shi na Tarai ko Durba a ƙasar Kibiya zai gani, sai fa idan gajimare ko dutse ya tare wa ɗayansu.

A ƙasashen da ke kusa da Ikwaita, rana da wata da taurari kusan miƙe suke hawa daga gabas, miƙe kuma suke sauka a yamma. Jinjirin wata yakan zauna a saman wurin da rana ta faɗi, ba a gefensa ba. Tunda daga ƙasa rana ke haska shi, ƙasansa ne ke da haske, ƙahonninsa biyu suna kallon sama, kamar ƙwaryar da aka ajiye a buɗe. Wannan ita ce siffar da ɗan Rano ya tashi da ita, har yakan ɗauka haka wata yake ko'ina. Tsayayyen jinjirin da ake zanawa a littattafan makaranta da aka rubuta a Turai siffar sararinsu ce, ba ta namu ba.

Sai dai kwanciyar tasa ba ɗaya ba ce duk shekara. Rana tana da turbar da take bi a tsakanin taurari, wata ma ba ya yin nisa da wannan turba fiye da digiri 5, kuma turbar ta karkace da digiri 23.4 daga Ikwaita. Mai fuskantar yamma arewa tana hannunsa na dama, kudu tana hagu. Da magaribar ƙarshen watan Maris, turbar tana tsaye a sararin Rano, har ta ɗan rinjaya wajen arewa da kusan digiri 12. A wannan lokaci, kuma kusan tun daga tsakiyar Janairu har ƙarshen Mayu, jinjiri yakan kwanta sosai, wani lokaci ma ƙahon da ke wajen kudu ya ɗan fi ɗagawa. A ƙarshen Satumba kuwa turbar ta jingina wajen kudu, kusurwarta da gindin sama ba ta wuce digiri 55 ba. Sai a ga jinjirin ya koma hagu da inda rana ta faɗi, haskensa yana ƙasa ta wajen dama, ƙahon arewa ya ɗaga, na kudu ya sauka. Digiri biyar ɗin nan da wata ke kaucewa daga turba yana ƙara karkatar ko ya rage ta, musamman a daren farko. A ƙasashe da dama akwai masu fassara karkatar jinjiri da cewa alamar ruwa ce ko ta fari. Karkatar tana bin lokacin shekara ne, kuma ana iya lissafa ta shekaru masu yawa kafin ta zo.

Akwai wani abu da sararin nan ke da shi wanda na Turai ba shi da shi. Kowane wata, wata yana lilo tsakanin arewa da kudu, ya kai aƙalla digiri 18 a kowane ɓangare na Ikwaita, a wasu shekarun har digiri 28 da rabi. Iyakar lilon tana kaiwa ƙololuwa duk bayan shekara 18.6, kamar yadda ya faru a 2006 da kuma 2024 zuwa 2025. Tunda Rano digiri 11 da rabi kawai take, a wasu dararen wata yana bi ta kudu da kan mutum, a wasu ya bi daidai tsakar ka, a wasu kuma ta arewa. Cikakken watan Disamba, a tsakiyar sanyi, ta arewa yake wucewa, sai mutum ya juya can ya ɗaga kai kafin ya fuskance shi. Na Yuni kuwa ta kudu yake bi, bai kai wancan tsayi ba. Mutumin Landan ba ya taɓa ganin wata a arewa da tsakar kansa.

Wanda ke son ganin wannan da idonsa ya lura da baƙaƙen tabon da ke fuskar cikakken wata, waɗanda filaye ne na narkakken dutse da ya daskare tun da daɗewa. Ya dube su bayan Magariba lokacin da watan ke hawa a gabas, ya sake duba su da Asuba yana sauka a yamma. Zai ga tabon da ke sama ya koma ƙasa, kusan juyi cikakke. Watan bai juya ba, mai kallon ne duniya ta juya da shi ta ƙarƙashinsa.

Malaman zaure na ƙasar Hausa sun daɗe da sanin tafiyar wata a tsakanin taurari ta hanyar manziloli 28 da suka gada daga ilmin falakin Larabawa. Wata yana kwana a kowane manzili kusan dare ɗaya, rana kuwa tana yin kimanin kwana 13 a kowanne. Da su ne ake lissafin damina, shi ya sa har yau ake jin tsofaffin manoma suna ambaton Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha idan ana maganar shuka da marka. Dalilin dogaro da su a fili yake: shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, tana gaza ta rana da kimanin kwana 11, don haka watanninta suna zagaya damina da kaka da rani cikin kimanin shekara 33, ba za a iya ɗaura shuka a kansu ba.

Arewa mai nisa da kudancin duniya

Da zarar mutum ya yi nisa da Ikwaita, sai hanyar rana da wata ta kwanta, su riƙa sauka a karkace. A Landan, digiri 51 da rabi arewa, wata mai ƙaruwa haskensa a dama yake, mai raguwa a hagu, kuma jinjirin ya fi kusa da tsayuwa. Da magaribar Maris turbar rana tana yin kusurwar digiri 62 da gindin samansu, a Satumba kuwa digiri 15 kacal. A Afirka ta Kudu da Ajantina da Ostireliya abin ya juye. Mai kallon wata a can arewa yake fuskanta, mai ƙaruwa haskensa a hagu, mai raguwa a dama, tabon fuskarsa ma a birkice suke idan aka gwada da yadda Bature ke ganinsu. Lokutan ma sun juye: a Johannesburg jinjirin Satumba ne ke kwanciya irin kwanciyar na Maris a Rano.

Makka tana digiri 21 da ɗoriya arewa, saboda haka alhazan Rano da Kibiya ba sa ganin babban sauyi a can, sai dai karkatar kaka ta fi ta gida. Hausawan Maraɗi da Damagaram da Yamai kusan sarari ɗaya suke kallo da na Kano. Na zangon Kumasi da Agege, da yake sun fi kusa da Ikwaita, nasu ya fi kwanciya a kaka. A ƙarshen duniya na arewa da na kudu kuwa wata yakan yi kusan mako biyu yana zagaya gindin sama bai faɗi ba, ya sake yin mako biyu bai fito ba.

Daren farko

Haihuwar wata daban, ganinsa daban. A lokacin haihuwa yana cikin hasken rana, ba idon da zai kama shi. Masanin taurari ɗan Faransa André Danjon ya nuna a shekarun 1930 cewa muddin tazarar wata da rana ba ta kai kimanin digiri 7 ba, ba a ganin jinjirin. Mafi ƙarancin shekarun jinjirin da aka tabbatar an gani da ido zalla shi ne awa 15 da minti 32 bayan haihuwa, wanda Stephen James O'Meara ya gani a watan Mayu na 1990. Da na'urar hangen nesa kuwa Mohsen Mirsaeed na Iran ya ga ɗan awa 11 da minti 40 a Satumban 2002. Waɗannan ƙwararru ne da suka san daidai inda za su duba, a sarari mai tsabta. Gama-garin mai duba yawanci sai wata ya haura awa 20 yake samunsa.

Tsufan watan kaɗai bai isa ba, dole ya kasance yana da tsayi lokacin da rana ta faɗi, ya kuma jima a sama har jan magariba ya dushe. A nan ne Allah Ya yi wa ƙasar Kano gata. A ɗauki jinjirin da ke da tazarar digiri 12 daga rana, yana kan turba. A Rano cikin Maris zai kasance kusan digiri 11 ko 12 sama da gindin sama, ya yi kusan minti 45 zuwa 50 kafin ya faɗi. A Satumba zai yi kusan digiri 10, ya jima kimanin minti 40. Wannan jinjirin dai a Landan cikin Satumba bai fi digiri 3 ba, kuma zai bi rana ya faɗi cikin kimanin minti 20, sama tana nan da haskenta, domin almurunsu ya fi namu tsawo. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa Musulmin Ingila suka daɗe suna saɓani, wasu masallatai suna bin sanarwar Saudiyya, wasu ta Maroko.

Abin da matsayin ƙasa ya bayar, yanayi yakan karɓe. Daga Nuwamba zuwa Maris hazon hunturu yakan turnuƙe gindin sama, har rana da kanta ta ɓace kafin ta kai ƙasa, balle siririn jinjiri. A Yuli da Agusta gajimare ne ke rufe yamma. Sararin da ya fi tsabta shi ne na yammacin da ruwa ya ɗauke ya wanke ƙura, da na farkon kaka kafin hazo ya sauko. A irin wannan dare, idan jinjiri ya kwana biyu ko uku, ana ganin sauran jikin watan da wani dishi-dishin haske mai toka-toka a cikin ƙahonnin. Hasken rana ne da ya daki duniya, ya koma wata, ya dawo mana. Leonardo da Vinci ya yi bayaninsa tun farkon ƙarni na 16, kuma ya fi fitowa a ƙauyukan da fitilun lantarki ba su yi yawa ba.

Gabas da yamma ma suna da tasiri. Rano tana yamma da Makka da kimanin digiri 31, rana takan faɗi a nan kusan awa biyu bayan ta faɗi a can, kuma a cikin awa biyun nan wata ya ƙara nisa da rana da kusan digiri ɗaya. Tsakanin Jakarta da Rano tazarar ta kai awa shida da rabi. Ma'ana, jinjirin da ya gagari Indonesiya ko Saudiyya yana iya bayyana a Nijeriya ko Senegal a daren nan. Idan kuwa da gaske an gan shi da ido a gabas, ya kamata na yamma da ke kusan saiti ɗaya su fi samunsa da sauƙi, in sararinsu ya yi kyau. Masanin Malesiya Mohammad Ilyas ya yi fice a shekarun 1980 wajen zana layin da ke raba yankin da za a iya gani da wanda ba za a iya ba. Layin lanƙwasasshe ne, kuma kowane wata wurinsa daban, babu ƙasar da kullum ita ke fara gani.

Daga nan ake fahimtar wata magana da ake yawan ji a ƙofar masallaci, idan jinjiri ya fito da kauri ya kuma daɗe bai faɗi ba: wannan ai na kwana biyu ne, an ci mana azumi ɗaya. Ba lallai ba ne. Idan wata ya kasance ɗan awa 13 a magaribar jiya bai ganu ba, a ta yau ɗan awa 37 ne, dole ya yi kauri ya yi tsayi, alhali daren farkonsa ke nan. Irin wannan muhawara ta taɓa faruwa tun zamanin sahabbai. Imamu Muslim ya ruwaito cewa wasu matafiya sun yi saɓani kan girman jinjiri, Abdullahi ɗan Abbas ya nuna musu cewa daren da suka gan shi shi ne abin lura.

Hukunci da hukuma

Malaman fiƙihu sun san cewa garuruwa ba sa ganin wata dare ɗaya, suka kira mas'alar saɓanin mafita. Tushenta labarin Kuraibu ne da ke cikin Sahihu Muslim: ya ga watan azumi a Sham daren Juma'a, ya dawo Madina ya tarar su daren Asabar suka gani, Ibnu Abbas kuma bai bi ganin mutanen Sham ba. Shafi'awa sun yi riƙo da wannan, suka ce kowane yanki mai nisa da nasa gani. Mafi yawan Hanafawa da Hambalawa da Malikawa suna ganin idan ya tabbata a wani gari ya hau kan sauran, kodayake babban malamin Malikiyya na Andalus, Ibnu Abdil Barri, wanda ya rasu a 1071, ya fitar da ƙasashe masu nisan gaske irin Andalus da Khurasan daga wannan hukunci. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta ƙasar Hausa, wata yana tabbata da shaidar adalai biyu, ko ganin jama'a mai yawa da ba zai yiwu su haɗa baki kan ƙarya ba, ko kuma cika kwana talatin.

A Nijeriya sanarwa tana hannun Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammad Sa'ad Abubakar, wanda ya hau karaga a Nuwamban 2006, kuma shi ne shugaban Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci. Yana aiki da kwamitin duban wata na ƙasa da kwamitin fadarsa mai ba da shawara kan harkokin addini. Ranar 29 ga wata ake umartar jama'a su duba, wanda ya gani ya kai wa dagaci ko hakimi mafi kusa, daga nan labari ya hau zuwa fadar sarki har Sakkwato. A Rano da Kibiya da Bunkure, waɗanda dokar jihar Kano ta 2024 ta haɗa a ƙarƙashin masarautar Rano, wannan ita ce hanyar. A Gana babban limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, shi ke sanarwa. Maroko ta dogara da ganin ido a wurare masu yawa da hukuma ta keɓe. Turkiyya lissafi take bi. Indonesiya da Malesiya da Singafo da Burunai sun daidaita kan cewa sai jinjiri ya kai tsayin digiri 3 da tazarar digiri 6.4 daga rana. Kalandar Ummul Ƙura ta Saudiyya ta lissafi ce, amma azumi da salla kotun ƙolin ƙasar ke sanar da su bisa shaidar masu gani. Yawancin saɓanin ranar salla tsakanin ƙasashe daga waɗannan ƙa'idoji yake fitowa, ba daga sama kaɗai ba.

Ƙaramar Sallar 2024 misali ce da ta cancanci a tsaya a kanta. Ranar Litinin 8 ga Afrilu ita ce 29 ga azumi a Nijeriya. An haifi wata da ƙarfe 7:21 na dare agogon Nijeriya, kuma ba zato ba ne, domin a daidai wannan lokaci wata ya rufe rana ruf a Meziko da Amurka da Kanada, miliyoyin mutane suna kallo. A Rano rana ta faɗi tun wajen ƙarfe 6:40, a Yamai jim kaɗan bayan ƙarfe 7, duk kafin haihuwar. Sarkin Musulmi ya sanar da cewa ba a samu ganin wata ba, aka cika talatin, aka yi salla ranar Laraba 10 ga wata, daidai da Saudiyya. Jamhuriyar Nijar da Mali kuwa sun karɓi shaidar masu cewa sun gani, suka yi salla ranar Talata. Da magaribar Talatar nan jinjirin ya kai awa 23, duk wanda sararinsa ya yi kyau ya gan shi ba wahala.

Wannan ba ya nuna masu shaida maƙaryata ne. Ido yana ruɗuwa, musamman idan zuciya tana ɗokin gani. Zara, wadda Hausawa ke kira matar wata, idan ta yi ƙasa cikin hazo tana iya rikita mutum, haka siririn gajimare da rana ta haska daga ƙasa, haka hayaƙin jirgin sama. Tun ƙarni na 14 malamin Shafi'iyya Taƙiyyuddin Subki ya yi fatawar cewa idan lissafi tabbatacce ya nuna gani ba zai yiwu ba, ba a karɓar shaidar wanda ya ce ya gani. Wannan ra'ayi ya fi kusa da adalci ga kowa. Bai maye gurbin ganin ido da lissafi ba, ya mayar da lissafi ma'aunin tantance shaida, kamar dai yadda alƙali ke bincikar adalcin mai shaida kafin ya karɓa.

Husufi

Husufin wata ba ya faruwa sai a cikarsa, na rana kuma sai a haihuwar wata. Ba kowane wata suke zuwa ba saboda kaucewar digiri biyar ɗin nan, wadda ke sa yawanci wata ya wuce ta sama ko ta ƙasan saitin. Nan ma akwai bambancin wuri. Husufin wata duk rabin duniyar da ke cikin dare suna ganinsa lokaci ɗaya, kamar na daren 27 ga Yulin 2018, mafi tsawo a wannan ƙarni, wanda ya yi awa ɗaya da minti 43 a rufe, kuma ya faɗo wa Nijeriya da farkon dare. Na rana kuwa siririyar hanya yake bi. Ranar 29 ga Maris 2006 duhu ya rufe Gusau da Katsina da hantsi, alhali a birnin Kano wani yanki na rana ya rage bai rufu ba. A irin waɗannan lokuta yara kan fita da gwangwanaye suna cewa rana ta kama wata, manya kuma su nufi masallaci don sallar husufi.

Ga mai duban wata a ƙasar Rano

Ranar 29 ga wata a nemi fili ko tudu ko kan dutse inda bishiya da gini ba su tare yamma ba, a isa tun kafin rana ta faɗi don a riƙe daidai wurin da ta nutse. Ba a kallon rana kai tsaye, balle da na'urar hangen nesa, domin tana makantarwa. Bayan minti 15 zuwa 20 a fara dubawa a saman wurin nan. Dunƙulen hannu idan aka miƙe shi gaba yana rufe kimanin digiri 10, kuma jinjirin daren farko yawanci bai wuce dunƙule ɗaya ko ɗaya da rabi daga gindin sama ba. Daga Janairu zuwa Mayu a neme shi kusan saitin inda rana ta faɗi, daga Agusta zuwa Nuwamba a ɗan karkata hagu. Bakinsa mai haske dole ya fuskanci inda rana take, kuma yana sauka a hankali har ya faɗi. Abin da ƙahonninsa ke kallon ƙasa da magariba, ko ya bayyana can tsakiyar sama, ko ya ɓace nan take, ba jinjirin wata ba ne.

Wanda Allah Ya nufa da gani ya nuna wa na kusa da shi tun watan bai faɗi ba, ya riƙe lokacin da ya gani da tsayinsa da inda ƙahonninsa suka fuskanta, sannan ya kai wa mai unguwa ko dagaci kafin ya sa a WhatsApp ko Facebook. Hakimai da limaman Rano da Kibiya kuma ya dace su riƙa sanin lokacin haihuwar wata da na faɗuwar rana kafin su zauna karɓar shaida, su kuma riƙa yi wa mai shaida waɗannan tambayoyi, domin azumin miliyoyin mutane na iya ratayuwa a kan maganar mutum biyu.